Wanda Ya Cire Takalmi a Goron Dutse

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka tsinci Alhaji Mikail Mai Fata a gindin Goron Dutse, ta ɓangaren da dutsen ya yanke tsaye babu gangara. Ruwa ya kwana yana zuba, bai ɗauke ba sai wajen kiran asalatu, don haka jinin Alhaji ya cakuɗe da jar ƙasa. Waɗanda suka fara isa wurin sun tarar da Isiyaku mai fasa dutse zaune dirshan, ya ɗora kan mamacin a cinyarsa, rigarsa sharkaf da jini, sandar Alhaji ta ƙarfe a gefensa.

Mutanenmu kuwa in ransu ya ɓaci ba sa jiran alƙali. Wani ya tuna cewa Isiyaku ya taɓa zaman gidan yari a kan rigimar gona. Wani ya ce ai shi ke raka Alhaji hawan dutsen kullum, ya san abin da ke aljihunsa. Kafin 'yan sanda su ƙwace shi an fasa masa baki, an karya masa hannu, idanunsa sun kumbura sun rufe ruf. Aka jefa shi a mota, aka rubuta fashi da kisan kai. Kowa ya san ƙarshen irin wannan rubutu igiya ce.

Sufeto Abdulmalik, wanda aka damƙa wa maganar, shi ya aika a kira Malam Ɗayyabu mai bin sawu. Malam Ɗayyabu maharbi ne a da. Da daji ya ƙare ya koma bin shanun sata da ɓarayin da ke haura katanga, kuma ba a taɓa jin ya nuna ƙofar da ba ita ba. Wannan mutuwa ta gidansa ce. Tare suka yi makarantar allo da Alhaji Mikail a unguwar Shahuci. Da arziki ya raba su, Alhaji bai manta ba: ya ɗauki Nazeer, ɗan Malam Ɗayyabu guda ɗaya tilo, ya koya masa cinikin fata, ya miƙa masa makullin shago, daga baya ya ba shi 'yarsa Sa'adiyya.

Abin da ya kai dattijo mai shekara sittin da ɗoriya hawan dutse da sassafe, duk Shahuci an san shi, an kuma sha yi masa dariya a kai. Alhaji ya je Makka har ya daina ƙirgawa, ya je Dubai, ya je Sin. Sai wata rana ya ga wani tsohon birni a talabijin, can ƙasar Peru, wanda mutanen Inka suka gina a kan tsauni, gajimare na yawo a ƙarƙashinsa. Machu Picchu ake kiransa. Mahaifin Alhaji magini ne, yana cikin masu yaɓen badala, ganuwar birnin Kano, a zamaninsa, Alhaji kuma ya ga yadda damina ke cinye aikin uban nasa shekara bayan shekara. Ga wasu sun jera duwatsu ba laka ba siminti, ko reza ba ta shiga tsakaninsu, har yau suna tsaye. Ya rantse sai ya shafa su da hannunsa kafin ya mutu.

Ba tafiyar talaka ya shirya ba. Otal ɗin da aka kama masa a birnin Kusko har iskar shaƙa ake hura wa ɗakunansa, don iskar can sama ba ta ƙosar da huhu. Jirgin ƙasan da zai kai shi gindin tsaunin rufinsa gilashi ne, ga kuku a ciki. Alhaji ya sa an gaya musu kifi kaɗai zai ci, tun da bai san mai yi musu yanka ba, ya kuma sa an binciko masa alƙibla. Kujera biyu ya kama. Kowa ya ɗauka ɗayar ta Nazeer ce, Nazeer ma ya cika kasuwa da labari, Malam Ɗayyabu kansa ya ɗan yi taƙama da ita a majalisa. Likita ne ya ce in Alhaji bai saba da hawa ba zuciyarsa za ta ba shi kunya a can. Shi ya sa kullum bayan asuba direba ke sauke shi a Goron Dutse, Isiyaku ya riƙe masa gorar ruwa su hau.

* * *

"Malam, ba za ka fara zuwa gidan rasuwar ba?" in ji Sufeto, da ya ga tsohon ya nufi hanyar hawa.

"Gawa za ta jira mu har la'asar. Sawu ba ya jiran kowa."

A ƙasa babu abin karantawa, ƙafafun masu duka sun tattake komai. A sama ne ruwan dare ya share wa Malam Ɗayyabu allo. Ga takalmin Alhaji, irin na hawa tsauni, mai zane kamar tayar tan-tan, ya hau shi kaɗai har bakin yankewar dutsen. Babu silifas ɗin Isiyaku ko ɗaya. Amma daga wata hanyar ta gabas ga wani sawun ya ɓullo, takalmi sau-ciki na fata, mai shi yana tafe a hankali. Tun da nisa, wajen tsawon soro biyu kafin inda Alhaji ya tsaya, sawun ya ƙare.

Malam Ɗayyabu ya tsuguna ya daɗe. Tambari biyu ne gefe da gefe, a jere tsaf, ba su nutsa cikin ƙasa ba.

"Nan ya tsaya yana leƙensa ke nan," in ji Sufeto.

"A'a. Da mutum na ciki da sun nutsa. Takalma ne suka tsaya su kaɗai. Cire su ya yi."

"Don kada a ji motsinsa?"

"Mai sanɗa a hannu yake riƙe takalminsa, ba ya jera shi kamar a ƙofar masallaci. Zo ka gani."

Daga nan falalen dutse ne, ba ya riƙe sawu. Amma dab da bakin yankewar akwai 'yar danyar ƙasa, a cikinta ga ramin gwiwoyi biyu, suna fuskantar takalman Alhaji. Ƙafar Alhaji ta hagu ta ja dogon layi da baya, kamar an riƙe ta ya fizge. Ta dama ta gutsure bakin ƙasar. Bayan wannan babu sauran Alhaji a kan dutsen.

Mai sau-cikin ya koma ya sa takalmansa, ya sauka da gudu, ya zagaya ta ƙasa. A bayan wani ƙaton dutse, inda in ka leƙa za ka hango wurin da Alhaji ya faɗo, ya tsaya. Ya daɗe a nan, don ƙasar wurin ta dagule da sauya ƙafa. Daga nan ya bi ta cikin ciyawa ya hau kwalta.

"Ɗan fashi ba ya cire wa mutum takalmi ya durƙusa masa," in ji Malam Ɗayyabu. "Wannan mai ladabi ne."

Sufeto ya share gumi. "Na yarda da kai, Malam. Amma kotu ba ta hawa dutse, rana kuma za ta cinye shaidarka. Su rigar jini suka gani. In ba ka kawo mini mutum ba, da Isiyaku za a tafi."

* * *

A ɗakin tsare masu laifi na ofishin 'yan sanda, Isiyaku na jingine da bango, an ɗaure masa hannu da tsumma.

"Isiyaku, ni ne Ɗayyabu."

"Na ji muryarka, Malam. Gani ne ba na yi."

"Me ya hana ka hawa da shi yau?"

"Katangata ce ta faɗi a ruwan nan, ta danne mini akuya. Kafin in zo ya riga ya hau. Ina zagayowa ta ƙasa sai na ji nishi."

"Da rai ka same shi?"

"Da ransa. Ya ce ruwa, na ba shi. Na ce, Alhaji, wa ya yi maka haka? Malam, bakinsa na aiki, don kalmar shahada tiryan-tiryan ya yi ta. Amma da na tambaye shi sai ya kawar da kai. Na sake tambaya, ya sake kawar da kai." Ya gyara karyayyen hannunsa. "Matata tsohon ciki gare ta. In sun rataye ni, don Allah a gaya wa abin da za ta haifa ban kashe kowa ba."

Malam Ɗayyabu ya fito ransa a jagule. Mutum ba ya rufa wa baƙo asiri a bakin mutuwa. Wanda Alhaji ya ƙi ambata na gida ne.

* * *

An yi jana'iza bayan la'asar. Nazeer ne ya shiga kabari ya karɓi surukinsa, ya fito yana kuka har sai da aka riƙe shi. A hanyar dawowa ya matso kusa da mahaifinsa.

"Baba, an ce ka hau dutsen nan. Ka tausaya wa gwiwarka, ai mai laifi na hannu."

"Allah ya yi maka albarka," in ji tsohon, ya ji daɗin kulawar.

Zuciyarsa ta fi karkata ga Alhaji Kabiru, ƙanin mamacin, don an ji su suna ɗaga murya a kan tafiyar, kuma sau-ciki yake sawa. Kabiru bai ɓoye komai ba.

"Na faɗa masa, ko yanzu ya tashi zan maimaita. Mutum ya tsufa, maimakon ya ƙara Umara ko ya gina rijiya, sai ya kwashi dukiyar marayun gobe ya tafi kallon kufan arna? Dutse ne babu a Kano? Ga shi nan dutsen ya ishe shi." Sai ya share ido da bakin rigarsa. "Amma ɗan uwana ne, Ɗayyabu. Nono ɗaya muka sha."

Da ya tashi raka baƙi, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Gwiwoyinsa sun kumbura, ko dakalin ƙofar gida ba ya hawa sai da taimako. Ban da haka, Kabiru ko ga mahaifinsu da ƙyar yake rusunawa, balle ga wansa.

Saura Audu direba. Shi kam yana ganin Malam Ɗayyabu ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya ce a mota ya zauna yana lazimi. Mai shayin gindin dutse ya ce ƙarya ne, ana sauke Alhaji motar ke ɓacewa. Malam Ɗayyabu ya ji wani sanyi a ransa, sanyin da bai tsaya ya tambayi kansa dalilinsa ba. Ya matsa wa Audu har ya fashe da kuka. Ashe kabu-kabu yake yi da motar Alhaji, yana kai wa 'yan kasuwa kaya kasuwar Kurmi kafin maigida ya sauko. 'Yan kasuwar sun shaida. Ƙafarsa kuma faffaɗa ce kamar faranti, ba za ta shiga wancan sau-cikin ba ko da man shanu.

* * *

Kashegari ya shiga cikin gida yi wa mata gaisuwa, aka kai shi falon Alhaji. Hoton kufan nan na rataye a bango, ƙato, koren tsauni da jerin ɗakuna marasa rufi. A ƙasa ga akwatuna an fara shiryawa: rigunan sanyi, hular ulu, maganin jiri, 'yar darduma ta tafiya. A gefe ga kwalin takalmi a buɗe. Idon mai bin sawu ba ya wuce takalmi. Irin na Alhaji ne sak, sabo fil, sai dai ƙarami ne ƙwarai.

Ya juya shi a hannu. Ƙafar Nazeer ya sani tun tana cika tafin hannunsa. Wannan ko rabinta ba zai ɗauka ba.

"Na wane ne wannan?"

Sa'adiyya na zaune a kusurwa ta ja mayafi har goshi. Ta sunkuyar da kai.

"Nawa ne, Baba."

"Da ke za a tafi?"

"Ni na yi booking ɗin komai. Abba ya ce kada in faɗa sai tafiya ta matso."

"Mijinki ya sani?"

"Ranar da kayan suka iso ya buɗe kwalin zai gwada." Kunyar suruki ta ɗaure mata harshe.

Hajiya 'Yardada, yayar Alhaji, ba ta da wannan ciwon. Tsohuwa ce da ta binne miji da 'ya'ya, ba abin da ya rage mata na jin nauyi. Ta jawo hannun yarinyar ta yaye mayafin. Daga wuyan hannu har kafaɗa tabo ne, tsoho da sabo, wani ya yi baƙi wani bai gama warkewa ba.

"Kalli aikin ɗanka, Ɗayyabu. Wannan wanda ake iya nuna maka ke nan. Cikin da aka ce ya zube da kansa bara, tambaye ta yadda ya zube. Mikail bai sani ba sai kwanan nan, ya kuma rasa yadda zai dube ka da maganar. Ya ce zai ɗauke ta su yi nisa ta sha iska, in sun dawo ba za ta koma gidan ba, makullin shago ma zai karɓa. Ya faɗa wa yaron da bakinsa."

Malam Ɗayyabu ya ajiye takalmin a hankali. Kunya ta rufe shi, tsoro kuma ya biyo bayanta. Bara yana durƙusa wa ubangidansa, ƙani yana rusuna wa wansa. Amma wanda ke cire takalmi tun daga nesa, a fili, ba tabarma ba inuwa, ya tako ƙasa da ƙafa kafin ya durƙusa, suruki ne. Shi da kansa ya koya wa Nazeer haka ana gobe za a kai gaisuwar iyaye.

* * *

Duk da haka ya sake hawa dutsen, yana fatan ƙasa ta ƙaryata shi. Ba a sake ruwa ba, rana ta gasa sawun ya bushe yadda yake. Ya bi sau-cikin daga farko. Dunduniyar ta cinye ta gefen waje. Ƙafar hagu tana ɗan buɗewa, ta dama tana tafiya sak. Jiya ma ya ga wannan, bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Sai ya lura da wani sawun yana tafe a gefensa, taku da taku. Takalmi faɗe ne na tsofaffi. Dunduniya ta cinye ta waje, hagu tana buɗewa, dama tana tafiya sak. Har ya fara tambayar kansa wane ne wannan kuma, kafin ya gane nasa ne na jiya.

Mai bin sawu yana karanta ƙafar kowa ban da tasa, don kullum a baya yake barinta. Bai taɓa sanin haka yake tafiya ba. Ya zauna a kan dutsen, ga Kano shimfiɗe a gabansa har Dala, ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba.

An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ruwa ɗaya ya isa ya wanke dutsen nan, ga hadari ma yana haɗuwa a gabas. In ya ce sawu ya ɓace a kwalta, ba wanda zai musa masa, don bai taɓa ƙarya ba. Ɗa ɗaya gare shi, uwar ɗan kuma tana kabari. Ya sauko bai yanke komai ba, ya kwana bai runtsa ba, Isiyaku kuma ya ƙara kwana da karyayyen hannu.

* * *

Ranar addu'ar uku soron Alhaji ya cika har waje. Da aka shafa fatiha jama'a suka watse, Malam Ɗayyabu ya raɗa wa Sufeto magana, Sufeto ya roƙi 'yan gida su dakata. Ga Alhaji Kabiru a kan kujera, ga Audu a rakuɓe, ga Nazeer kusa da ƙofa yana tattara tabarmi. Hajiya 'Yardada da Sa'adiyya suna tsaye a bayan labulen ƙofar cikin gida.

"Me ake jira?" in ji Kabiru. "Ba an kama shi ba?"

"An kama wanda ya ba ɗan uwanka ruwa," in ji Malam Ɗayyabu. Bai ɗaga murya ba. "Wanda ya hau dutsen ba fashi ya je yi ba, roƙo ya je. Ya hango Alhaji, ya cire takalmi tun daga nesa, ya taka ya durƙusa a gabansa. Alhaji ya ƙi. Ya kama ƙafarsa ta hagu. Alhaji ya fizge, bayansa kuwa babu ƙasa."

Audu ya fara salati. Nazeer ya daina naɗe tabarmar da ke hannunsa.

Tsohon ya fita ƙofar soro inda takalma suke. Bai yi lalube ba. Ya dawo da sau-ciki baƙi, an goge shi yana ƙyalli, ya kife shi a tsakiyar soron. Sannan ya ɗauko faɗensa ya kife a gefe. Dunduniya huɗu, duk sun cinye ta gefe guda.

"Sufeto, ka kai su dutsen ka gwada kafin ruwa ya sauko. Ɗaya nawa ne. Ɗayan mai shi ya faɗa da bakinsa."

Ba wanda ya yi motsi. A bayan labule aka ji wani ɗan sauti, kamar an toshe baki da mayafi.

"Baba," in ji Nazeer.

"Ba ni za ka kira ba. Ga ƙanin mamaci nan."

Tabarmar ta suɓuce. Nazeer ya zube a ƙasa. "Wallahi tsautsayi ne! Haƙuri na je ba shi. Na ce ya yi mini kowane hukunci, amma kada ya raba ni da ita, kada ya tozarta ni a kasuwa. Ya ce in sakar masa ƙafa. Ban tura shi ba, Baba, na rantse da Alƙur'ani ban tura shi ba!"

"Na sani. Ƙasa ta gaya mini ba ka tura shi ba." Tsohon ya tako ya tsaya a kansa. "Tsautsayi ya ƙare a bakin dutse. Ka sauko, ka laɓe, kana hangensa yana numfashi. Mutumin da ya ɗauke ka ba ka da ko wandon kirki. Ba ka je ka ɗaga kansa ba, ba ka yi ihu a kawo mota ba. Me kake jira a wurin, Nazeer?"

Nazeer ya kifa goshinsa a ƙasa.

"Jira kake ya cika, don kada ya faɗi sunanka. To bai faɗa ba. An tambaye shi, bakinsa na aiki, ya kawar da kai. Yana mutuwa yana rufa maka asiri, kai kuma ka bar bawan Allah a hannun masu duka, ka zo ka shiga kabarinsa kana kuka."

Alhaji Kabiru ya yunƙura da sandarsa, gwiwa ta mayar da shi. Hajiya 'Yardada ta yaye labule ta tofar da yawu. Sufeto ya ciro ankwa, sai ya dubi tsohon.

"Sa masa," in ji Malam Ɗayyabu. "Yadda aka sa wa wancan."

Da za a fita da shi Nazeer ya waiwayo. "Baba, ni kaɗai gare ka."

"Na sani. Na kwana ina lissafin haka."

* * *

Sai da yamma aka gama rubuce-rubuce aka fito da Isiyaku. Ruwa ya riga ya sauko. Kumburin fuskarsa bai saɓe ba, yana lalube da hannu mai lafiyar, ba kuma wanda ya zo ɗaukarsa. Cikin waɗanda suka dake shi babu ko ɗaya a wurin. Malam Ɗayyabu ne kaɗai a kan benci, tun azahar yake zaune.

"Kama kafaɗata, asibiti za mu fara zuwa."

"Malam, kai ne? Sun ce ka gano shi." Isiyaku ya dafa shi, suka fara takawa cikin yayyafi. "Allah ya saka maka, ya raya maka zuri'a. Wane ne? Ɗan wane gida ne?"

Tsohon ya yi 'yan taku kafin ya amsa.

"Ɗan gidana ne."

Isiyaku ya tsaya cak. Hannunsa ya yi nauyi a kafaɗar tsohon, bai ɗauke shi ba. Can ya yi magana a hankali, irin yadda ake yi a gidan makoki.

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam."

"Amin," in ji Malam Ɗayyabu. "Ɗaga ƙafa, akwai kwata a gabanka."